Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Zinder: a gwada mu a fili kafin a ba mu takarda

Zuwa ga hukumomin da ke kula da koyar da sana'o'i a ƙasarmu, da shugabannin ƙungiyoyin raya karkara masu aiki a jihar Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mun sha yin ta tsakaninmu a bakin ofis da wurin shan shayi, amma hirar fada ba ta gyara komai in ba ta kai kunnen masu iko ba.

Ni ma'aikacin karkara ne, cikin waɗanda ake ce wa animatar. Shekara 17 ke nan ina bin ƙauyuka a kan babur, ƙasar Mirya, Magarya, Kance, Dungas, wani lokaci har Tanut. A cikin akwatina akwai wata jakar leda mai ɗauke da takardu 23. Kowace da hatiminta da sa hannun babban mutum, wasu har da ado a gefe. In ka karanta su kuwa, maganarsu ɗaya ce: wane ya halarci horo a kan kaza, daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Su ne atestasiyon da muke tarawa tun muna samari.

Bara furojen da nake ciki ya rufe, kamar yadda da yawa suka rufe tun da masu ba da tallafi suka fara janye hannu a 2023. Na ɗauki jakata na kai dosiye wata ƙungiya da ke neman wanda zai horar da wakilan ƙauyuka. Mai karɓar takardun na girme shi nesa ba kusa ba, yaro ne mai ladabi ƙwarai. Ya miƙe ya ba ni kujera, ya buɗe jakar, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya yana jerawa har tebur ya cika. Sannan ya ɗago kai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, waɗannan duk shaidar zama ce. Babu wadda aka gwada ka sannan aka ba ka?" Na rasa amsa. Na tattara kayana na yi masa godiya na fito, kuma ko kaɗan ban ji haushinsa ba, domin gaskiya ya faɗa. Abin da ake buƙata kafin ka samu irin wannan takarda shi ne ka sa hannu a jerin mahalarta safe da yamma. Wanda ya zauna gaba yana tambaya yana rubutu, da wanda kuɗin perdiyem, wato alawus ɗin zama, ya kawo shi ya yini a baya yana latsa waya, ranar rufewa takarda iri ɗaya ake miƙa musu, a tafa musu, a ɗauki hoto. Duk shekarun nan da na yi, ba ni da takarda ko ɗaya mai cewa na iya wani abu.

Wannan shi ne abin da ya shafe ni, kuma shi ne ƙaramin. Babban yana wajen masu horar da mu.

Kun san yadda horo ke gangarowa. A yi kwana biyar a wani otal a Yamai, waɗanda suka halarta su zo Zinder su yi shi cikin kwana uku, mu da muka ji mu kai shi komin cikin yini ɗaya, wakilin ƙauye ya isar da shi gindin bishiya kafin azahar. Tulu ne mai yoyo, kafin ya isa gida saura na gindi. A kowane zango kuma, wanda jiya yake zaune a bencin ɗalibai yau shi ne formatar, wato mai horarwa. Babu wanda ya tsaya ya ga ko ya gane, balle a ga ko ya iya koyarwa.

Bari in ba ku abin da na gani da idona, ba tare da na ambaci ƙauyen ko furojen ba. A farkon shigata aiki aka aiko mana wani mai horarwa a kan adana wake a buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masu bincike na Afirka, har da na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, a Maradi. Sirrin buhun a bayyane yake. Leda biyu ce a ciki, buhun saƙa a waje. Sai waken ya bushe sarai, a duba ledojin kada a samu ko hujin allura, a matse iska, a ɗaure kowace leda ita kaɗai, sannan a ɗaure na waje. In iska ba ta shiga, ƙwaron wake da kansa yake mutuwa, ba sai an zuba magani ba. Mutumin nan ya iya Faransanci, ya zo da hotuna a kwamfuta. Da aka miƙa masa buhu gaban jama'a sai ya haɗa bakin ukun ya ɗaure da igiya guda. Bai duba huji ba, bai yi zancen bushewa ba. Na lura, na ja shi gefe na yi masa magana, ya ce haka aka nuna musu. Ni sabo ne a lokacin, shi kuwa masani aka kira shi, sai na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun har yau yana damuna.

Bayan wata huɗu na koma. Wani dattijo ya kama hannuna ya shigar da ni ɗakinsa, ya kwance buhu ya tura hannu ya ɗebo. Waken duk huji, gari na zuba ta tsakanin yatsunsa, ƙwari na tashi. Ya ce, "Ɗana, da na sayar tun kaka da na samu na sayen gero. Ku kuka ce in ajiye sai bazara ya yi kuɗi." Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shekara uku mutanen ƙauyen ba su yarda sun sake taɓa buhun ba, alhali buhu ba shi da laifi. Shi kuwa mai horarwar, na sake ganinsa a wani taro yana koyar da wani fanni daban ƙarƙashin wani furoje daban. Ba a rubuta abin da ya faru a ko'ina ba, dattijon ba shi da inda zai kai kuka, kuma babu abin da za a karɓe daga hannun mutumin tun da da ma ba a ba shi izinin komai ba.

Ranku ya daɗe, abin da nake roƙo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san tsangaya. Yaro na farawa kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Ba a ce wa mutum alaramma don ya shekara goma zaune a kiskali. Sai ya haddace, ya rubuta Alƙur'ani da ka, a kai rubutun gaban waɗanda suka fi shi su bi shi harafi-harafi, wasali-wasali. Sunan gwani kuwa sai gwanaye sun sallama. A zauren ilimi malami ba ya ba da ijaza sai ya ji karatun ɗalibi da kunnensa, ijazar kuma tana faɗin daga wa ya karɓa, shi ma daga wa, har sama. Haka abin yake a maƙera, haka a majema, haka wajen dukawa: ubangida ba ya yaye yaro sai ya ga aikin hannunsa, domin in yaron ya ɓata fata, sunan ubangidan ne zai ɓaci a kasuwar Dole. Kakanninmu sun gwada mutum a gaban ido, sun san wanda ya koyar da shi, sun san wanda za a kama in ya yi ɓarna. Su suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai, mu muka bar gwajin muka riƙe takarda.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da yawa cikin dabarun da ake zuwa koya mana da sunan sabon abu, a ƙasar nan aka haife su. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a jihar Maradi aka fara su a 1991 tare da ƙungiyar CARE, an gina su ne kan adashen da iyayenmu mata suka sani tun da can. Tsarin ya zaga ƙasashen duniya ya dawo mana da sunan AVEC cikin littafin jagora mai kauri. Sassaben zamani, wato barin toho a gona ana gyara shi har ya zama itace, manoman Maradi da Damagaram ne suka raya shi, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Wanda ya bi hanyar Magarya da Matamaye ya ga gawo a gonaki ba sai an ba shi labari ba. A ƙasar Mirya ne ƙungiyoyin lafiya na ALIMA da BEFEN suka gwada ba iyaye mata ɗan ma'aunin damtse mai launi uku, kore da rawaya da ja, aka ga uwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana gano tamowa a jikin ɗanta kamar yadda wakilin lafiya na ƙauye ke yi. Ta san in ma'auni ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, ba a kwana sai a likita. Yau ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan hanya.

To su wa ke riƙe da wannan ilimi? Na san wata baiwar Allah a wani ƙauye kudu da Mirya, Inna muke ce mata. Ba ta yi boko ba. Ta kafa ƙungiyoyin asusu fiye da goma a ƙauyukan da ke kewaye da ita, da ƙafa take zuwa. Ranar zubi za ka ga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku a tsakiyar tabarma, makullan a hannun mata uku daban-daban, ita tana gefe ba ta taɓa kuɗi. Ta san yadda ake rabo ranar fasa asusu ba tare da an tashi baram-baram ba. Ta san yadda ake bin matar maigari bashi ba tare da an ci mutuncin kowa ba, wannan kuwa babu shi a littafin jagora. Wata rana aka kawo wani matashi daga birni ya horar da su kan abin da ta shekara ashirin tana yi. Yana karantawa da Faransanci ina fassarawa. Da ya zo lissafin rabo sai ya rikice, ta gyara masa da ka, cikin sanyin murya tana cewa, "Ɗana, sake dubawa dai." Shi aka biya kuɗin masani na kwana uku. Ita aka ba ta jika biyu kuɗin mota da takardar halarta. Ban ga laifin yaron ba, abincinsa yake nema. Amma a hanyar komawa gida na kasa cewa komai, don kunya.

Ba wai babu takardun ƙwarewa na gaske a wannan fanni ba. Tsarin GERME na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai koyar da tafiyar da ƙananan sana'o'i, ya burge ni: halartar horon masu horarwa ba ya mai da kai mai horarwa, sai ka je ka koyar da ƴan kasuwa na gaske, babban mai horarwa ya bi aikinka, sannan a ba ka shaida. Akwai Project DPro ta tafiyar da furoje, wadda ake zana jarrabawarta ta intanet. Cibiyar Bioforce ta buɗe reshe a Dakar a 2017 tana koyar da aikin agaji. Ƙa'idojin aikin agaji na Sphere ma da nasu masu horarwa, a wajensu muka ji cewa a lokacin gaggawa mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 15 na ruwa a yini. Sai dai ku dubi wanda hannunsa ke kaiwa gare su. Sai mai Faransanci ko Ingilishi mai ƙarfi, mai katin banki da zai biya da kuɗin waje, mai intanet da wutar da ba za su yanke ana tsakiyar jarrabawa ba, ko mai halin barin iyalinsa wata da watanni. Ko abin da ake yi a Yamai ma, kilomita wajen 900 ne daga nan, ka shiga bas da asuba ka sauka da dare, ga masauki ga abinci. Animatar da ke karɓar albashi wata shida ya zauna wata shida ba zai iya ba. Inna kuwa ba a ma zancenta.

Wannan giɓin ne masu neman kuɗi suka cike. Ku buɗe Facebook ko WhatsApp ku ga tallar horon kwana uku mai ba da "takardar ƙwarewa" a kan tafiyar da furoje. Ɗan yayata da ya gama jami'a ya sayar da tunkiyar uwarsa ya biya har sau biyu, ya kawo mini takardun yana murna. Na duba, irin nawa ne, sunan ne kawai aka canza. Wasu daga cikin waɗannan cibiyoyi suna koyarwa tsakani da Allah, amma yaro ba shi da hanyar da zai bambance su da na bogi, mai ɗaukar aiki ma haka. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa shiga hannun ƙungiyoyin cikin gida. Ƙaramar ƙungiyar Zinder in ta nemi kasonta, amsar da takan ji ita ce ba ku da ƙwararrun ma'aikata. Wallahi muna da su, hanyar nuna su ce ba mu da ita.

Ga roƙona. Ku buɗe hanya a nan jihar da ma'aikacin karkara zai bi a gwada shi, a ba shi shaidar ƙwarewa da gwamnati ta amince da ita. Kayan aikin suna nan: asusun tallafa wa koyon sana'a na FAFPA, cibiyoyin koyon sana'a na komin-komin, jami'ar André Salifou, da ma'aikatan gona da kiwo da gandun daji da lafiya waɗanda suka san aikin a fili. Abin da ya rage shi ne a zauna a rubuta, ga kowane fanni, abin da mutum zai yi da hannunsa kafin a ce ya iya. Gwajin kuma a yi shi inda aikin yake. Mai cewa ya iya sassaben zamani a kai shi gona a miƙa masa adda, a ga wane toho zai bari wane zai cire. Mai cewa ya iya kafa asusu a bi shi ranar zubi, a leƙa ƙungiyoyin da ya kafa shekara biyu baya, a ga suna raye ko sun mutu da tafiyar furoje. Shekarun da mutum ya yi yana aiki su shiga lissafi. Faransa ta sa wannan cikin dokarta tun 2002, ƴan'uwanmu masu zuwa ci-rani Kano kuma sun san jarrabawar sana'a ta Najeriya mai mataki uku, inda makaniki ko birkila ke nuna aikin hannunsa ya samu takarda.

Zancen harshe ba ya buƙatar dogon bayani. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Wanda zai yi aikinsa duka da Hausa a gindin bishiya, da Hausa ya kamata a gwada shi, da baki in bai iya rubutu ba, da ajami in shi ya iya. Na Gure da Tasker da Belbeji a gwada su da Barbarci, Tubanci, Fillanci ko Tamajak, duk wanda suke aiki da shi.

Na masu horarwa ya kamata ya fi tsanani. A buɗe rajista ta jiha wadda kowane magajin gari da kowace ƙungiya za su iya dubawa ko a waya: wane, an amince ya koyar da kaza, wane ne ya gwada shi, ran kaza izininsa zai ƙare. Bayan shekara uku a sake leƙa aikinsa. Wanda aka amince da shi kan kiwon awaki kada ya wayi gari yana koyar da tsaftar ruwa. Kafin a rubuta sunan mutum a gan shi tsaye gaban manoma, sannan a koma ƙauyen bayan wata uku ba tare da shi ba, a ce wa mutane su nuna abin da suka koya. In irin abin da ya samu waken dattijon nan ya faru, a samu ƙofar da maigari zai ƙwanƙwasa, a saurari kowane ɓangare, in laifi ya tabbata a dakatar da izinin. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, naku ba ya jiran doka. Daga yau ku raba takarda biyu, ta halarta daban, ta ƙwarewa daban, kada ku ba da ta biyun sai kun gwada. Ku rage kwana ɗaya cikin kwanakin otal, kuɗinsa ya isa man baburin da za a koma ƙauye a duba aiki.

Ina da tsoro, gara in faɗe shi tun yanzu. Ina tsoron kada abin ya zama sabuwar kasuwa, a riƙa sayen izini, ko a sa kuɗin rajista da zai kori talaka, ko ƴan tsirarun da suka riga shiga su rufe ƙofa su mai da horo gadon gidansu. In haka za ta kasance gara a bar mu yadda muke, domin yau ko ba komai Inna na aikinta babu mai hana ta, gobe kuwa ana iya ce mata ba ta da izini. Don haka a ɗauke wa wakilan ƙauye kuɗin gwaji gaba ɗaya, na animatar kuma kada ya fi ƙarfin aljihunsa. A yi gwajin a bainar jama'a, mai gwaji kada ya gwada ɗalibinsa ko ɗan'uwansa, a liƙa sakamako a ofishin magajin gari, a karanta shi a rediyon karkara. Abin da aka yi gaban mutanen gari yana da wuyar murɗewa.

Wasu abokan aikina ba su ji daɗin wannan magana ba. Wani ya ce mini, "Haba wane, jarrabawa za ka jawo mana da furfura a kai?" Na gane damuwarsa. Akwai cikinmu waɗanda za su faɗi, ni kaina ina iya faɗuwa a wasu fannonin da nake da atestasiyonsu. Na yarda da haka. In an gwada ni aka ga ban iya warantaji ba, wato ajiye amfanin gona jingina a karɓi rance, a hana ni koyar da shi, a nuna mini inda zan je in koya in dawo. Wannan ya fi mini sauƙi da in sake tsayawa gaban wani dattijo yana zuba mini garin wake a tafin hannu.

Ban ce a fara da ƙasa duka ba. A ɗauki fanni biyu, asusun mata da sassaben zamani, a zaɓi komin uku a ƙasar Mirya da Magarya da Kance, a gwada tsakanin ƙarshen kaka da faɗuwar ruwa, lokacin da ake sharar gona. Akwai animatar da yawa zaune a gida a Garin Malam da Sabon Gari da Birni waɗanda za su zo a gwada su ba tare da an ba su ko dala ba. In kun sa rana, ku rubuta sunana farko cikin waɗanda za a gwada. Zan kuma je da babur in ɗauko Inna, ku ba ta wuri cikin masu gwaji.

Allah ya taimake ku, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
wani ma'aikacin karkara,
Garin Malam, Zinder.